Amsa ga ƙanenmu kan shafin 'yan kwangilar rufi da batun lasisi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, ina gajiya. Ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ya yi yana so ya daina aiki a ƙarƙashin wani, ya tsaya da ƙafarsa a sana'ar rufi nan Houston. Ya rubuta wa ɗaya daga cikin shafukan intanet ɗin nan masu jera sunayen 'yan kwangilar rufi don su sa shi, sai suka turo masa fom mai gurbin lambar lasisi. Shi ne yake tambaya ko su ne ke ba da lasisin, in kuma ba shi da shi me zai rubuta. Hajiya ma ta shigo da tata, wai in ta ga sunan mutum a irin wannan shafi ta saki jiki da shi?

To, ka riƙe wannan tukuna. Shafin nan ba hukuma ba ne. Kamfani ne na 'yan kasuwa, sunaye yake tarawa, talla yake sayarwa, ba shi da ikon ba kowa lasisi. Kuma a Amurka babu wani lasisin rufi guda da ke aiki a ƙasar baki ɗaya, kowace jiha da tata dokar. Fom ɗin da suka turo maka shi suke tura wa na Kalifoniya da na Filorida, shi ya sa ka ga gurbin.

Nan Teksas, jiha ba ta ba da lasisin aikin rufi. Mai aikin wuta sai da lasisi, mai aikin famfo ma haka, amma mai rufi babu. Abin da ake da shi, ƙungiyar 'yan kwangilar rufi ta jihar, RCAT, tana da nata lasisin na ganin dama, ka cika sharuɗɗansu ka yi jarrabawa su ba ka. Yana ƙara wa mutum ƙima a idon masu gida, amma ba na gwamnati ba ne. Sannan wasu biranen suna son ka yi rajista da su kafin ka karɓi takardar izinin yin aikin rufin, wannan sai ka tambayi ofishin birnin da za ka yi aikin.

Saboda haka, don Allah kada ka cusa wata lamba a gurbin nan don kawai ya cika. Na san abin da samari ke yi, su ɗauko lambar rajistar kamfani, ko lambar haraji ta EIN, su sa. Waɗannan ba lasisi ba ne. Kamar a gida ne, don ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ba ka zama injiniya ba. Wani kuma lambar ubangidansa yake ara, wannan ya fi muni, ka jawo wa kanka ka jawo masa. Rubuta musu kai tsaye ka ce ina Teksas, jihata ba ta ba da lasisin rufi, ga rajistar kamfanina, ga takardar inshorata, me kuke karɓa a madadinsa? Ta imel fa, ba ta waya ba, domin wanda zai kira ka ɗan talla ne, bakinsa da zaƙi, gobe ba ka da abin nunawa.

A wannan wasiƙar ka haɗa da maganar kuɗi. Sa suna kyauta ne ko biya ake yi? In biya ne, duk wata ne, ko kan kowane mai gida da suka turo maka? Wannan ta biyun ita ke cin yara. Wasu shafukan mai gida ɗaya suke sayar wa 'yan kwangila da yawa, kowa ya biya, mutum ɗaya ya samu aikin, wani lokacin ma ba wanda ya samu. Ka tambaye su mutum nawa suke tura wa, kuma in lambar wayar ta bogi ce suna mayar da kuɗi? In kana son fita, yaya ake fita, akwai tara? Sai yadda ake gyara suna ko adireshi in sun yi kuskure.

Yanzu ga abin da ya sa na ce lallai sai na yi muryar nan da kaina. Na ji ka ce in guguwa ta yi ɓarna a Filorida za ka bi abokanka ku je ku samu aiki, tunda shafin zai nuna sunanka a can ma. Ƙanena, ka tsaya. Filorida ba Teksas ba ce. Can sai da lasisin jiha daga hukumar DBPR, na rufi lambarsa da CCC take farawa, kuma kafin a ba ka sai ka nuna gogewar shekara 4, ka ci jarrabawa, ka kawo inshora. Karɓar kwangila ba lasisi laifi ne a can ko a ranar da ba komai, amma in gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, wato daidai lokacin da kuke son zuwa, sai ya koma babban laifi mai kai mutum gidan yari. Kai da takardunka na zama ba su gama daidaita ba, ka san abin da wannan zai jawo. In za ka je, ka je a matsayin ma'aikacin kamfani mai lasisin can, a biya ka albashi.

Kalifoniya ma haka, hukumarsu CSLB, na rufi C-39 ake ce masa, gogewar shekara 4, da takardar lamuni ta garanti, wato bond, ta dala 25,000, da inshorar ma'aikata ko da kai kaɗai ne a kamfanin. Ilinoi ma lasisinsu na jiha ne. New York kuma jiha ba ta bayarwa, amma birnin yana da nasa na masu gyaran gida. 'Yan uwanmu na Bronx su lura.

Tunda na ambaci inshorar ma'aikata, a Teksas doka ba ta tilasta wa yawancin kamfanoni ita ba, amma ni ban yarda mutum ya hau da yaran mutane kan rufi ba tare da ita ba. Faɗowa daga sama ita ta fi kashe ma'aikatan gini a ƙasar nan, shi ya sa dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, ta ce daga tsayin ƙafa 6 sai da kariya. Ka sayi igiya da ɗamara kafin ka biya kuɗin talla.

Hajiya, taki kuma. Ganin suna a shafi, ko da sun manna masa alamar wai an tantance, bai isa ba. Wataƙila sun duba ranar da ya shiga, daga baya lasisin ya mutu ko inshorar ta ƙare. In jiharki na ba da lasisi, ki karɓi lambarsa ki duba da kanki a shafin hukumar, kyauta ne, ki ga sunan ya dace da na kan takardar kwangila. In a Teksas kike, ki nemi takardar inshorarsa, ki kira kamfanin inshorar su tabbatar miki tana aiki. Bayan ruwan ƙanƙara za ki ga masu ƙwanƙwasa ƙofa suna cewa za su yafe miki kason da ya kamata ki biya daga aljihunki kafin inshora ta biya saura. Tun 2019 dokar Teksas ta haramta wannan, duk wanda ya yi miki wannan tayin ki sallame shi. Kuma kada ki ba da kuɗin aiki duka kafin a hau sama. A Kalifoniya ma doka ce, kafin alƙalami ba ya wuce kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta.

Ƙanena, in sun amso maka, turo min ta gefe in duba kafin ka sa hannu ko ka ba su lambar katinka. A gaida iyali, sai an jima.