Tambaya: Wai ajiye addini da ƙaddara ne ya sa Amurkawa suka yi arziki?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Shekara uku kenan da na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba. Kwanaki na biya kuɗi na shiga wani aji a WhatsApp, mai koyarwar yana cewa Amurkawa sun yi arziki ne saboda sun ajiye addini gefe sun yarda nasara a hannun mutum take, mu kuma ƙaddara ce ta kwantar da mu, wai duk talaka tunaninsa ne ya talauta shi. Wallahi abin ya hana ni barci, har na fara zargin kaina. Gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kawo mafita. Wanda ya ce maka Amurkawa sun ajiye addini bai san Amurka ba sai a fim. A cikin ƙasashe masu arziki ita ce ma ta fita zakka. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na Amurkawa kullum sai sun yi addu'a, a Ingila kuwa kashi 6 ne, Jamus kashi 9. Eh abin yana raguwa, Kiristoci sun sauko daga kashi 78 a 2007 zuwa wajen 62 a binciken 2023 zuwa 2024, amma har yau Yammacin Turai ba ta kama ƙafarsu ba wajen riƙon addini.

Inda malamin naku ya taɓo gaskiya shi ne batun yarda da kai. A binciken Pew na 2014 an tambayi mutane a ƙasashe 44 ko nasara ta dogara ne da abubuwan da suka fi ƙarfin mutum, kashi 57 na Amurkawa suka ce a'a, alhali matsakaicin sauran ƙasashe 38 ne. Kashi 73 kuma suka ce aiki tuƙuru yana da matuƙar muhimmanci. To ka ga mutum ɗaya ne yake zuwa coci ranar Lahadi kuma yake cewa guminsa zai ci, bai ga wani karo tsakaninsu ba.

Amma abin da yake ɓata min rai, kuma kusan kullum sai ɗalibi ya zo min da shi, shi ne wannan maganar ta cewa abin da mutane suka YARDA da shi shi ne abin da yake FARUWA da su. Binciken nan ra'ayi ya auna, bai auna aljihu ba. Da aka zo auna aljihun, masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi bayanan haraji na miliyoyin iyalai, suka gano in aka raba iyalai gida biyar bisa kuɗin shiga, yaron da aka haifa a rukunin can ƙasa na masu ƙaramin ƙarfi, damarsa ta hawa rukunin can sama kashi 7.5 ce kacal a Amurka, a Kanada kuwa wani binciken ya nuna wajen kashi 13 ne, Denmak ma ta fi Amurka. Wato ƙasar da take sahun gaba wajen cewa ƙoƙarinka ne zai fisshe ka, ɗan talakanta ya fi na maƙwabciyarta wahalar fita daga talauci. Kuma ko a cikin Amurkar, garin da yaro ya tashi da makarantar da ya samu suna sauya lissafin sosai. Jihar Misisipi tana sahun gaba a riƙon addini, tana kuma sahun gaba a talauci, Jamusawa kuwa da yawansu suna cewa akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, shin talauci suke yi? Ina wannan ka'idar ta malaminku ta shiga a nan?

Ita wannan aƙida ta "talaucinka laifinka ne" ma ba daga kimiyya ta fito ba, ta yi kama da wa'azin fastoci irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin a garin Tulsa na Amurka, masu cewa imani mai ƙarfi yana jawo dukiya da lafiya, su kuma masu sayar da laccar zaburarwa "tunani" suke sawa a gurbin sunan Allah suna ta karɓar kuɗi. Haɗarinta shi ne duk yadda ta kaya mai laccar ba ya faɗuwa, in ka samu ya ce darasinsa ne, in ka rasa ya ce ba ka yarda sosai ba, ka biya aji na gaba. Na ga matasa masu hankali sun daina shiga mutane saboda kunya, wasu har ciwon damuwa, a kan rashin aikin da dubban sa'o'insu suke fama da shi. Wannan zalunci ne wallahi, a ɗauki matsalar wuta da jari da rashin masana'antu a ɗora wa yaro a ka shi kaɗai.

Kuma ƙaddara da yake zagi, wane malamin kirki ne ya taɓa karantar da kai cewa ka kwanta? Tun muna yara ake faɗa mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ka ci gaba da neman aikinka da koyon sana'a, kuɗin aji na biyu kuma ka riƙe abinka, in ya matsa ka ce ya kawo maka binciken da ya nuna Amurkawa sun bar addini, da shekararsa da sunan waɗanda suka yi shi.