Ɗiyata ta yi shiru a aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a Agege, Legas. Ɗiyata tana aji 3 a firamaren gwamnati. Malamarsu tana koyarwa da Turanci, in yara ba su gane ba sai ta juya zuwa Yarabanci, ɗiyata kuwa Hausa kaɗai take ji sosai. Yanzu ta daina ɗaga hannu. Da yamma tana kai min tallar awara. Me zan yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin na koyar da irin ɗiyarki a Idi-Araba. Ina tuna wata yarinya a bencin baya, ta dafe littafinta da hannu biyu kada a ga ba ta rubuta komai ba.

Kada ki ɗora laifi kan malamar. Tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, ga aji cike maƙil, ba ta iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan masu hali suna da malamin darasi a gida, taki tana da tire a ka.

Ki je da kanki ki gai da malamar, ki roƙa a dawo da yarinyar gaba, kusa da wata mai jin harsunan biyu. Tallar kuma a rage ta zuwa Asabar. Bayan Magariba ta karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ko da ba kya jin Turancin.