Tandun Kwallin Inna

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Saƙonki ya iso ni daren Talata, kuma sai da na sa aka kunna mini muryarki sau biyu kafin na gaskata abin da kike tambaya. Kin ce a wurin bikin 'yar ƙawarki wata ta dube ki ta ce, "Hajiya, ai sai ki bar wa yara," kuma tun daga ranar kike jin nauyin ɗaukar hoda da jan baki, balle yanzu da kika yi suruka a gida, ga jikoki uku. Kina so in gaya miki ko a al'adarmu akwai shekarun da mace take ajiye kwalliya. Na yi murmushi, domin a idona har yanzu ke ce yarinyar da take satar kwallin mahaifiyarta ta shafe fuska da shi har gefen kunne, yau kuma ke ce mai zancen tsufa da shekara hamsin da uku. Sai dai murmushin bai daɗe ba, saboda na san ki, maganar mace ɗaya a wurin biki ba ta isa ta hana ki barci ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Tunda sunan Inna, kakarki, kika ci, ya kamata ki ji yadda ita ta yi da wannan tambayar, domin ita ma ta yi ta, kuma kina wurin, goye a bayan mahaifiyarki.

Malam, kakanki, ya rasu a goman ƙarshe na azumin 1972, saboda haka ƙaramar Sallah da babbar Sallah duk a cikin takaba suka riski Inna. Wata huɗu da kwana goma ba ta taɓa kwalli ba, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne, ba awarwaro. Ta ɗauki madubinta da tandun kwallinta ta sa a cikin kwalla ta rufe. Shekarar fari ce, hatsi ya yi tsada a Kano, gidanmu kuma ya yi shiru irin wanda ko yara suna jin tsoron ɗaga murya. A cikin waɗannan watanni ne aka sauya kuɗi, fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka shigo a farkon 1973, Inna kuwa ko kallon sabon kuɗin ba ta yi ba. Shekarunta a lokacin ba su wuce naki na yau ba, amma wanda ya gan ta sai ya ƙara mata goma.

Ana gobe kwanakin za su cika, Inna Babba, yayarta, ta sauka daga Bichi a motar haya, ɗauke da sabon zane da kallabi da zunguru biyu. Ta ba ni kwabo goma, wanda duk muke ce wa sule, ta aike ni Kasuwar Kurmi in sayo ganyen lalle, ta ce kada in karɓi wanda ya fara yin fari. Ni na daka shi, na tankaɗe, ita ta kwaɓa da ruwa da ɗan lemon tsami ta ajiye ya tsumu. Da kwanakin suka cika, bayan an yi sallar lisha, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce wa Inna ta miƙo ƙafa. Inna ta naɗe ƙafafunta ta ce, "Yaya, wa zan yi wa? Mai kallon ya tafi." Muka yi tsit, ni da mahaifiyarki, domin ba mu taɓa jin Inna ta ambaci Malam ta wannan fuskar a gabanmu ba, kin san kunyar mutanen da. Inna Babba ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Wanda ya ce wata huɗu da kwana goma bai ce da kwana goma sha ɗaya ba. In kin ƙara, kanki kika ƙara wa, ba ki ƙara wa Malam komai a kabarinsa ba." Ta jawo ƙafar da hannunta, ta shafa lallen, ta rufe da ganye, ta ɗaure da tsumma, sannan ta zura hannuwan a zunguru. Haka Inna ta kwana, ni nake ba ta ruwa a baki.

Da asuba aka kwance. Lallen ya kama, ƙafar ta yi ja har tana neman baƙi. Aka wanke mata kai, makitsiya ta zo ta yi mata kitso, maƙwabta suka fara shigowa ana raba sadakar waina. Sai Inna Babba ta buɗe kwallar nan ta ɗauko madubi da tandu ta ajiye mata a cinya, ta ce wannan kam ba mai sa mata, da hannunta za ta sa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Inna ta zare tsinken kwallin, hannunta yana rawa, ta ja a ido ɗaya, kafin ta kai ga ɗayan hawaye sun wanke shi ya gangaro baƙi a kumatu. Inna Babba ta sa bakin zanenta ta goge, ba ta ce komai ba, ta sake miƙa mata tsinken. Aka yi na biyu, ya sake zubewa. Sai a na uku ya zauna. A daidai lokacin Auta ya dawo daga makarantar allo, yana ɗan shekara tara, ya leƙo ɗakin da allonsa a hannu, ya tsaya yana kallon ta, sannan ya juya da gudu yana cewa, "Inna ta dawo!" alhali kuwa ko zaure ba ta taka ba tun rasuwar. Daga baya Inna Babba ta ce mana, ni da mahaifiyarki, mu riƙe wannan: gida fuskar uwar gida yake duba, in ta yi duhu, ko an kunna fitila ba a gani.

Inna ba ta sake aure ba, ta kuma rayu fiye da shekara ashirin bayan wannan rana, ban kuwa taɓa zuwa gaishe ta da hantsi na tarar da idonta babu kwalli ba, sai a ciwon ajalinta. Lalle ba ya wuce ta a kowace Sallah, kayanta kullum suna ƙamshin turaren wuta. Amma na lura da abubuwan da ta ajiye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya ce mata uffan ba. Ta daina cin fure da goro don jan haƙori, ta daina ɗiga katambiri a fuska, jigida ta cire, manyan awarwaronta ta raba mana. Na taɓa tambayar ta dalilin barin furen, ta ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ba a ce mai rawa ya bar fage ba. Na ji daga gare ta kuma cewa kwalliyar budurwa kira take yi, ta babbar mace kuwa amsa gaisuwa take yi.

Abin da Inna Babba ta faɗa ba daga kanta ta ƙago shi ba, ko da yake karatunta bai yi nisa ba. Aya ta 234 a Suratul Baƙara, wadda ta yanke wa'adin takaba, ita ce ta ce idan sun cika wa'adinsu babu laifi a kan abin da suka yi da kansu bisa abin da aka sani na kirki. A Suratun Nur kuma, aya ta 60, an sauƙaƙa wa tsofaffin mata da suka daina tsammanin aure game da mayafi, da sharaɗin kada su fita suna baje ado. Ban ji malaminmu na Islamiyya ya karanto mana wata shekara da aka ce mace ta kai ta ajiye tandu ba. Iyakar da na ji an ja, ta wurin da ake kai adon ce da idon da ake nufi da shi, kuma wannan iyakar tana kan 'yar shekara ashirin kamar yadda take kan ki. Ko furfura an yi umarni a sauya ta, kamar yadda aka yi wa Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ranar buɗe Makka, aka dai ce a guji baƙi. Shi ya sa nake rina tawa da lalle.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, abin da ake kira kwalliya yanzu yana ba ni tsoro, kuma ban san irin wadda kika yi a bikin nan ba. Na je ɗaurin auren jikar maƙwabciyata bara, na zauna kusa da wata mata na kusan rabin sa'a ban gane ta ba, sai da ta yi magana na ji muryar yarinyar da na koyar a aji uku. An aske girarta an zana wata, an liƙa mata gashin ido na kanti, hoda an yi ta hawa-hawa har wuyanta da fuskarta kamar ba na mutum ɗaya ba. Abin da ya fi ɓata mini rai, aka kira la'asar, aka kira magariba, mata da yawa suna zaune ba su motsa ba, domin an biya mai kwalliya kuɗi mai yawa kuma alwala za ta ɓata aikin. Lallenmu bai taɓa hana ruwa taɓa fata ba, kwallinmu bai taɓa sa mun jinkirta salla ba, amma jan farcen kanti sai an kankare shi alwala take inganta. Ga kuma man sauya launin fata, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, take ta gargaɗi a kansa, na ga matan da suka shafe shekaru suna shafa shi, da girma ya zo fatar ta yi laushi kamar takarda, kumatu suka ƙone, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. Idan kina da irin wannan man a ɗakinki, shi kam ba na jiran wata shawara, ki zubar da shi.

Fatar mace takan bushe bayan al'ada ta ɗauke, wannan duk mun bi ta kansa, kuma hoda mai nauyi takan taru a inda fata ta tattare, ta nuna abin da aka so a ɓoye. Man kaɗanya ya fi yi mini amfani a kan duk abin da aka kawo mini tsaraba. Amma kada ki ɗauka na ce namu na da babu aibi. Mu ne muka riƙa ɗura muku kwalli a ido tun kuna kwana bakwai, muna cewa yana ƙara gani, sai da girma ya zo na ji likitoci suna bayanin cewa yawancin kwallin dutse akwai dalma a cikinsa, kuma gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wannan yana cikin abubuwan da nake nadama, kuma ina roƙon ki kada a sa wa jikokinki.

Yanzu ni ma ina da tawa tambayar. Ita waccan matar ta yi magana ta tafi gidansu, wataƙila ma ta manta. Me ya sa maganar ta zauna miki? Idan kunyar suruka ce, na san wannan kunyar, amma yarinyar nan daga gare ki za ta koyi yadda ake girma a gidan miji, kuma ban so ta koyi cewa mace tana gama aurar da ɗanta sai ta koma ɗaurin ƙirji da tsohon kallabi. Mijinki yana raye, Allah ya ƙara masa lafiya, mai kallonki bai tafi ba, ba ki da ko hujjar da Inna ta kawo a daren nan, ita ma kuwa ba a karɓa mata ba. Idan kuma daga cikin gida ne aka daina duban ki, ko kin ji ƙishin-ƙishin na wata magana, har kika fara ƙara hoda don ki riƙe abin da kike tsoron zai kuɓuce, ko kika fara tunanin zubar da komai don zuciya ta karaya, to wannan ba zancen jan baki ba ne, kuma ba a waya za mu yi shi ba. Na ji wani abu a muryarki wajen ƙarshen saƙon, inda kika ce "ko dai lokacina ya wuce," kuma shi ne ya hana ni barci.

Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ki zo da irin kwalliyar da kika yi a bikin, kada ki rage komai, ina so in gani da idona. Tandun Inna yana wurina tun da aka raba kayanta, fatar ta yi baƙi, bakinsa ya ɗan tsage, amma tsinken yana nan. Na daɗe ina cewa mai sunanta zan ba. Ki taho mini da garin lalle mai kyau, nawa ya ƙare, kuma ki gaishe da maigidan.

Gwaggonki.