Dalilin tattara shirye-shiryen ɓoye bayanai wuri guda a Linux

Ka tambayi dalilin da ya sa masu kula da kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, suke tattara shirye-shiryen ɓoye bayanai a wata ma'ajiya guda mai suna lib/crypto maimakon kowane sashe ya riƙe nasa. Idan aka rubuta lissafin ɓoye bayanai ɗaya, kamar ChaCha20, a wurare uku, kanel yana ƙara nauyi a banza, kuma duk kuskuren da aka gano dole a bi shi wuri uku, wataƙila a manta da ɗaya. Tun da WireGuard, manhajar haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya a intanet, ta shiga Linux 5.6 a 2020, daga lib/crypto take kiran ChaCha20 da Poly1305, lissafin tabbatar da ingancin saƙo, kai tsaye. A ganina sauƙin gyara ya fi rage girma muhimmanci, sai dai a ƙananan na'urori irin na rarraba intanet a gida, inda ma'ajiyar take da ƙaranci ƙwarai.