Shekara uku ina aikin sa kai ba takarda, gwamnati ta san da ni kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni daga Garwa nake. Tun da na gama lise, wato sakandare, nake bin masu ɗigon polio gida gida, da damina kuma ina cikin masu raba wa yara maganin zazzaɓin sauro, yau shekara uku kenan. Abin da ake bamu ɗan kuɗin mota ne kawai, kuma ko takarda ɗaya bani da ita. Wai da gaske akwai doka akan masu aikin sa kai a Kamaru? Kuma aikin nan zai sa a ɗauke ni aikin gwamnati? Don a gida an fara cewa ɓata lokaci nake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri. Eh akwai doka, ita ce mai lamba 2021/015 ta ranar 9 ga Yuli 2021, wadda ta tsara aikin sa kai da yadda za a bunƙasa shi a Kamaru, kuma ma'aikatar matasa da tarbiyyar ɗan ƙasa, wadda muke ce wa MINJEC, ita ke riƙe da harkar, tana da ofis ɗin delege, wato wakilinta, a Garwa, haka ma Marwa da Ngaundare.

Amma bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, don gara ki ji shi yanzu. Aikin sa kai ba ƙofar aikin gwamnati bace. Ba ya ba mutum matirkil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, wanda ke son matirkil hanyarsa konkur ce, wato jarrabawar gasar shiga, ko ɗaukar ma'aikata in an buɗe. Kuɗin da ake ba ɗan sa kai ma ba albashi bane, ɗan abin riƙe kai ne na mota da abinci. Duk wanda ya ce miki ki daure shekara biyu za a ɗauke ki, ki ce masa ya rubuta, za ki ga ya canza magana.

Toh ina amfanin dokar? Amfaninta shi ne mutumin da ta sani shi ne wanda ya sa hannu a kontira, wato takardar yarjejeniya, da ƙungiya ko hukumar da ta karɓe shi, an rubuta aikin da zai yi da tsawon lokacinsa da abin da za a riƙa bashi. Nan ne matsalarki take, kuma ba ke kaɗai ba, wallahi mafi yawan yaranmu na arewa haka suke, suna aiki kamar ba gobe amma a takarda babu su.

Na san aikin da kike yi. A watan Agusta ana tafka ruwa, ke kina cikin taɓo da kwalin magani da rajista a leda kar ta jiƙe, ki yi sallama a ƙofar gida maigida ya ce ba ya so, ki tsaya ki lallashe shi, ki dama ƙwayar a cokali ki ba yaro ya furzar ki jira ki sake, ki sa alli a jikin ƙofa ki wuce gida na gaba. Tun 2016 ake wannan rabon maganin na damina a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma da ƙafar irinku ake yinsa. Haka lokacin ambaliyar 2024 a Yagwa da Kuseri, kafin motocin agaji su iso samarin unguwa ne ke cika buhu da ƙasa suna tare ruwa, da 'yan ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj (Red Cross). In kika tambayi sunayensu yau ba lallai a samu inda aka rubuta ba. Wannan abin yana min ciwo sosai.

Abin da za ki yi, kafin kamfen na gaba ki je wurin shugaban asibitin da kike aiki ƙarƙashinsa ki nemi atestasiyon, wato takardar shaidar aiki, a rubuta sunanki daidai da na katin ɗan ƙasa, da kamfen ɗin da kika yi da watanninsu, a buga tambari. Kar ki ji kunya, haƙƙinki ne. Ki yi fotokofi ki ajiye na asali a gida. Sannan ki leƙa ofishin delegen matasa ki tambayi yadda ake rajista a shirin aikin sa kai na ƙasa. In kuna da yawa a unguwa ku haɗa ƙungiya ku kai dosiye, wato takardunku, ofishin perefe mai mulkin yankinku, dokar ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ta baku dama, don ƙungiya mai takarda tafi mutum ɗaya bakin magana a gaban meri, wato hukumar gari. Takardun nan suna aiki wurin ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar ma'aikata a Marwa da Mokolo da Kuseri, su kam abin da kika taɓa yi suke fara tambaya.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, ni a ganina doka ta tsaya a Yawunde da yawa. Ranar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985 don masu aikin sa kai, ana taro a yi jawabi a raba riguna, ba laifi, amma abin da ya fi shi ne kowace meri ta buɗe rajistar 'yan sa kai na garinta, a biya kuɗin mota akan lokaci ba bayan wata uku ba, wanda ya ji rauni a bakin aiki a ɗauki nauyin maganinsa. Kuma a daina fakewa da sunan sa kai ana cike gurbin ma'aikaci, malamin da iyayen yara ke haɗa masa kuɗi yana riƙe da aji shekara da shekaru a ƙauye, wannan ma'aikaci ne da ba a biya ba.

Su mutanen gida kuma kar ki yi musu da su, damuwarsu gaskiya ce. Ki ci gaba da kamfen ɗin tunda ba kullum ake yinsa ba, amma ki haɗa da shirin konkur na makarantar aikin jinya ko wata sana'a, in atestasiyon ɗin ta fito ki kai wa baba ya gani da idonsa.