Inta-haus a lokacin annoba: a bar yaro ya buga ko a hana shi?

TAMBAYA: Anti salam, dan Allah ɗana yana makarantar kwana, yanzu sun ce za su yi inta-haus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai na makarantar, kuma ga korona ana ta cewa ta sake tasowa, shi kuma yaron ƙwallo ce rayuwarsa, na ce ba zai yi ba ya daina min magana. Ya zan yi? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya. Ni dai gaskiya gudun da yara ke yi a fili bai cika tayar min da hankali ba, iska tana kaɗawa a waje, cutar ta fi kama mutane a ɗaki rufaffe. Inda matsalar take shi ne cunkoson ranar, iyaye da 'yan kallo an matse a ƙarƙashin rumfa ɗaya, yara goma suna shan ruwa a gora ɗaya, sannan a koma hostel a kwana a cushe.

Ko manya ma haka suka yi fa, gasar Olamfik ta Tokyo an ɗage ta daga 2020 zuwa 2021 kuma da aka yi kusan duk filayen babu 'yan kallo, mu ma bikin wasanni na ƙasa na Edo sai Afrilun 2021 aka yi shi a birnin Benin.

To ki je ki samu firinsifal, ki tambaye shi za a tara jama'a ne ko ɗalibai kaɗai, kuma yaron da ke tari ko zazzaɓi wa zai cire shi. In ɗalibai ne kawai, ki saya masa gorarsa ki bar shi ya buga. Amma in yana da asma ko sikila, sai likita ya ce e tukuna.