Me ya sa kafaɗa ta fi ƙugu saurin gocewa?

Malam, ka tambayi dalilin da kafaɗa ke yawan gocewa alhali ƙugu da wuya ya goce. Daga ƙirar gaɓar ne. Ramin ƙugu yana da zurfi, ya rungume kan ƙashin cinya. Na allon kafaɗa kuwa kamar faifai yake, kan ƙashin damtse ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsokoki 4 da jijiyoyinsu ne ke riƙe shi a gurbinsa.

Amfanin haka shi ne sakewa. In ka ɗaga hannu sama digiri 180, kusan 120 daga gaɓar suke, sauran 60 allon ne ke juyawa a bayan haƙarƙari. Galibi gaba take gocewa, musamman in an faɗi hannu a ɗage. Kada a bari a finciko ta a gida, a je asibiti a ɗauki hoto tukuna.